ƘAGUWA A GIDAN SURUKAI

Shafi na 17

Jama'a, ku yi haƙuri da ni. Na ga masu cewa na shanya ku a ƙofar gidan Alhaji Ajadi, har wata baiwar Allah ta rubuto wai in ba zan shiga ba in matsa ita ta shiga. Ni da yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, shi ma na hagu, don na dama ya yi wa haruffan girma. Yau dai mun shiga.

Waɗanda yanzu suka iso, sannunku. Ni ne Sikiru, ɗan Ibadan, koyar da wasan tanis nake yi a wani kulob. Tun ina ƙarami da hannun dama kaɗai nake bugu, har ya fi na hagun kauri nesa ba kusa ba, shi ya sa abokai suke ce min Ƙaguwa. Yau ne dangina suka zo gabatar da kansu a gidan su Kafayat, yarinyar da nake so. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada kalmar tanis ta fito daga bakina a gidansu. Saurayin yayarta ma raket, sandar buga tanis, kawai babansu Alhaji ya hango a kujerar bayan motarsa, ko ruwa bai sha ba aka raka shi waje. Ba wanda ya san dalili.

Kun kuma tuna agbada, babbar rigar da zan rufa wa hannun asiri da ita, manja ya zube mata a cikin tasi. Daga ni sai bubar nan, 'yar ciki mai kama jiki.

To mu je.

"Ƙaguwa, rage numfashi," in ji abokina Gbenga, muna cire takalma a baranda.

"Numfashi ai ba da hannu ake yi ba."

"Naka da hannu kake yi. Dubi zaren hammatar nan, kuka yake."

Gaskiya ya faɗa. Tunda yadi iri ɗaya za mu sa ni da Kafayat, telan gidansu ne ya yi ɗinkin. Hannu ɗaya ya auna, na hagu, ya yanka guda biyu daidai wa daida kamar yadda yake yi wa kowa. Ni kuma kunya ta hana ni ce masa ya zagayo ɗaya ɓangaren. Da safe sai da Gbenga ya shafa min mai kafin hannun ya shiga.

Falon a cike yake. Alhaji Ajadi yana tsakiya cikin farar agbada. Kafayat ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganinsa da riga mai gajeren hannu ba, ko da garin yana tafasa. Alhaja Mulikat, mahaifiyarta, tana damansa tana fifita. A hagunsa kuwa Iya Ibeji ce, yayar Alhaji, da gwaggwaronta ya kusa taɓa fanka. Ita aka aika binciken asalinmu, ko akwai kuturta ko hauka ko farfaɗiya a dangi, kuma har yau ba ta faɗi abin da ta samo ba.

Mamata da sauran dangi suka zauna a ɗaya ɓangaren. An jera doyarmu da zuma da sauran manjan da ya tsira.

Iya Ibeji ta dube mu sama da ƙasa.

"Wane ne mai neman 'yar tamu a cikinku?"

"Ni ne, Mama."

"A tsaye ake nema a gidanku?"

Nan take muka zube, ni da Gbenga da sauran abokai, muka yi dobale, rub da ciki a kan tayil.

"Ƙirji ya taɓa ƙasa! Mai jar hula, tumbinka ne ya taɓa, ƙirji na ce."

Aka yi dariya. Muka tashi. Muka sake na biyu. Zaren ya ce tsit, tsit, amma bai saki ba. Na ce a raina, ya Allah, saura ɗaya.

Na ukun ni kaɗai ne, haka ake yi. Abokai suka koma gefe. Na kwanta, na miƙe hannuwa gaba, na sa goshi a ƙasa. Alhaji ya yi addu'a doguwa, Alhaja ta ɗora tata, ana ta amin.

"Tashi, ɗana," in ji Alhaji.

To ni duk abin da zan yi, hannun dama ne yake riga ni. Ban ce masa ya yi ba. Shi ya dafa ƙasa ya ɗaga ni gaba ɗaya, na hagun yana biye kamar ɗan rakiya.

Ɓaaar!

Daga hammata har wuyan hannu.

Hannun rigar ya zube gefe yana lilo. Ga hannuna nan a fili, yana ƙyalli da man da Gbenga ya shafa. Ɗaya kamar doya, ɗaya kamar rake.

Ba wanda ya yi tari. Fanka ce kawai take juyawa.

Iya Ibeji ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Tundurmi!"

Mamata ta miƙe tsaye.

"Tundur me? Iya Ibeji, a wanke baki."

"Bakina a wanke yake. Ɗanku ne ba a wanke shi da magani ba tun da wuri."

"A danginmu ko mura ba ma gado!"

"To wannan hannun aro ya yi? Na wane ne? Ya mayar wa mai shi."

Wata daga cikin matan gidan ta janye ɗanta daga kusa da ni. Wani tsoho ya gyara tabarau ya leƙo.

Mamata ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, na roƙe ta da ido. Ta haɗiye maganar kamar ta haɗiye ƙashi.

Gbenga ya yi tsalle ya shigo tsakiya ya sake zubewa.

"Mama, ba cuta ba ce wallahi. Aiki ne."

"Wane aiki?"

"Dakan sakwara."

"Da hannu ɗaya?"

"Taɓaryar ƙarama ce."

"Kai yaro, ni ka mayar abokiyar wasanka?"

"A'a Mama, na manta ne. Janareto ne. Duk janareton unguwarsu shi yake ja. Da an ɗauke wuta sai ki ji ana Sikiru, Sikiru."

Wasu suka fashe da dariya, har Alhaja ta rufe baki da mafici. Iya Ibeji ba ta yi ba. Ta taso ta zo gabana.

"Miƙo."

Na miƙa. Ta danna babban yatsanta a damtsena, don ta nuna wa mutane rami zai zauna. Yatsan ya dawo mata. Ta sake dannawa da ƙarfi, har farcenta ya lanƙwashe.

"Kun gani? Ya riga ya yi tauri. Ya wuce magani."

"Iya Ibeji, ki ji tsoron Allah," in ji Mamata.

"Tsoronsa nake ji shi ya sa nake magana. So kuke a haifa mana jikoki suna tafiya a karkace kamar keken da aka ɗora wa buhu gefe guda? Ajadi, ni aka aika bincike, ga sakamako ka gani da idonka. Su kwashe doyarsu."

Labulen ɗaki ya motsa. Kafayat ce ta fito, ba a ko kira ta ba, cikin yadi irin nawa. Ta durƙusa gaban babanta da gwiwa biyu.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Na rantse."

"To mene ne?" in ji Iya Ibeji. "Faɗa mana. Muna ji."

Kafayat ta ɗago kai. Ta waiwayo ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. Kada ka faɗa.

Ni kuma na tsaya ina lissafi, kun san ba ni da sauri. In na yi shiru, na zama mai cuta, ba Kafayat, kuma gobe duk Ibadan za ta ce dangin Mamata, Iya Sikiru, suna da tundurmi, ƙannena mata ma sun shiga uku. In na faɗa, a raka ni waje kamar wancan mai motar. Duk ƙofofin biyu titi suke kallo.

Duk wannan abu Alhaji yana zaune a wurinsa. Hannuna kawai yake kallo. Ba damtsen ba, ƙasa, wajen gwiwar hannu zuwa wuya.

"Matso," ya ce.

Na matsa na durƙusa.

"Buɗe tafin."

Na buɗe. Ya bi kantar da ke gindin yatsuna da ɗan yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wadda ke gefen manuniya. Ya daɗe a wurin.

"Wane aiki ka ce kana yi?"

"A kulob nake aiki, Baba."

"Na ji wannan. Me kake yi a kulob ɗin?"

Na dubi Kafayat. Na dubi Mamata, idonta ya cika da hawaye saboda sunan gidanmu. Na ce a raina, in za a kore ni, gara a kore ni da lafiyata.

"Tanis ne, Baba. Bugawa nake yi, ina kuma koyarwa. Shi ya mayar da hannun haka."

Kafayat ta ɗora hannu biyu a ka.

Alhaja ta daina fifita.

Iya Ibeji ta ja tsaki ta koma kujera, ta kawar da kai.

Alhaji ya miƙe. Ya tattara agbadarsa.

"Biyo ni."

"Alhaji, don Allah..." in ji Mamata.

"Shi kaɗai."

Ina wucewa Gbenga ya raɗa min, "In ka ga duka, kare da na dama. Na hagun ba zai kai labari ba."

Ɗakin Alhaji ne, can ƙurya. Gado, sallaya, doguwar wadirob. Ya tura ƙofa ya juyo. Na fara neman wurin da zan sake kwanciya.

"Bar wannan. Tsaya."

Na tsaya.

"In ƙwallo ta zo maka ta hagu, da hannu ɗaya kake mayarwa ko biyu?"

Na ɗauka kunnena ne.

"Baba?"

"Kurma ne kai bayan tundurmin?"

"Da ɗaya, Baba."

"Na sani. Yaran yanzu masu kama raket da hannu biyu kamar za su yi faskare, ina za su sami irin wannan hannun. Nuna min."

"In nuna me, Baba?"

"Bugun mana!"

Na ja ƙafa baya, na juya kafaɗa, na saki hannu a iska. Yagaggen hannun riga ya bi shi fal-fal.

"Kana saurin buɗe kafaɗa," ya ce. "Amma ba laifi."

Sai ya kama agbadarsa ya cire ta ka, ya jefa kan gado. Ya cire buba. Ya tsaya daga shi sai singileti.

Jama'a.

Na san za ku ce na ƙara gishiri. Wallahi ban ƙara ba.

Hannun hagun Alhaji Ajadi ya kusa biyun na damansa. Fata ta ɗan saki, gashin ya yi fari, amma jijiyoyin suna nan kwance kamar saiwar bishiya. Ƙaguwa sak. Sai dai shi ta ɗaya ɓangaren.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, kai ma?" ba.

"Rufe min baki. Kafin a haifi uwarka nake bugawa."

Ya zauna bakin gado, ya nuna min ƙasa, na zauna.

"Ni bahago aka haife ni. Ka san abin da ake yi wa bahago a garin nan. In na kai hannu kwano, a buge. In na miƙa wa babba abu, a buge. Makaranta, a buge. Har ɗaure min shi aka yi a baya. Na koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Ranar da na fara shiga filin tanis tsintar ƙwallo, wani ya miƙo min raket, na karɓa da hagu na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce, bahago ne, madalla, za ka wahalar da mutane."

Ya yi 'yar dariya.

"Na kuwa wahalar da su. Har Legas ana sanin Ajadi Bahago. Filin nan ne kaɗai wurin da ba a taɓa buge min hannu ba."

"To Baba, me ya faru?"

"Abin da ya same ka yau. Na je gidan su Alhaja, na kwanta gaban babanta, iska ta ɗaga min hannun agbada. Tsohon ya gani. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga ƙato mai bin ƙwallo da gajeren wando ba, da hagu kuma. Ko ƙwallo ko Mulikat. Ina kwance a ƙasa na yi masa alkawari ba zan sake taka fili ba."

"Kuma ba ka sake ba?"

"Ko ta gefen titin ba na bi. Sai in zagaya ta Mokola."

Ni dai tausayi ne ya kama ni, na manta ma matsalata.

"Yara suna cewa na tsani wasan," ya ce. "Ba tsana ba ce, ɗana. Ba na iya ganin raket a hannun wani ne ni nawa hannun yana banza."

"Shi ya sa aka kori saurayin Anti Basirat, yayar Kafayat?"

"Wancan? Wancan ado yake yi da ita a mota don 'yan mata. Na leƙa na ga zaren fari fat, bai taɓa ganin ƙwallo ba. Na ce mai yi wa raket ƙarya zai yi wa 'yata."

Na danne dariya.

"Amma Baba, Iya Ibeji ta ce cuta ce."

"Yayata? Ta fi kowa sanin ba cuta ba ce. Ita take shafa min man zafi a hannun nan in na dawo daga gasa. Ita take zama gefen fili tana ƙirga min ci, tana zagin alƙali. Tun ranar da ta je bincike ta san aikinka. So take ta kore ka kafin in gane, kada ka tayar min da tsohon ciwo."

Ya miƙe ya kai hannu saman wadirob, bayan akwatuna. Ya jawo wani abu a naɗe cikin tsohon zanen adire. Ya warware a hankali kamar mai buɗe jariri.

Raket ce ta katako, irin ta da. Maƙamar ta yi baƙi, ta yi santsi.

Na dubi maƙamar, na dubi hannunsa. Ni ma ai sana'ata ce.

"Baba, wannan maƙamar ba ta huta ba. Kuma hannun da aka ajiye shekara talatin ba ya zama haka."

Ya harare ni.

"Fili na ce ba zan taka ba. Nan fili ne? Ɗakina ne. Bayan asuba ina ɗan kaɗa ta a iska. Ba ƙwallo, ba raga, ba wanda ya sani."

Ya gyara tsayuwa. Ya jefa ƙwallon da babu ita sama, ya lanƙwasa gwiwa, ya kawo raket ta bayan kai.

Fuuu!

Tas!

Ƙwan fitila ya tarwatse a kanmu.

Ƙofa ta buɗe.

Alhaja Mulikat ce tsaye, mafici a hannu. Ta dubi mijinta cikin singileti, ta dubi raket, ta dubi gilashin da ke kan hulata.

Alhaji ya ɓoye raket a bayansa kamar yaron da aka kama da nama.

"Ta yaron ce," ya ce.

"Ta yaron ce," Alhaja ta maimaita.

"Nuna min yake yi."

"Alhaji, ƙwan fitila nawa na saya wa ɗakin nan? Kullum ka ce wuta ce ta zo da ƙarfi. Duk gidan nan ɗakinka kaɗai take zuwa wa da ƙarfi, kuma sai bayan asuba?"

Alhaji ya fito da raket daga bayansa.

"Kin sani?"

"Fuuu, fuuu, kamar ana sheƙar masara. Maƙwabta ma sun sani."

"Ban karya alkawari ba, Alhaja. Ban taka fili ba."

Ta shigo ta tura ƙofa. Sai na ga ita ce kuma ta fara kame-kame, tana juya mafici a hannu. Ni dai na manne da bango ina fatan in zama wadirob.

"Maganar alkawarin nan," ta ce. "Akwai saƙon da Baba ya ba ni."

"Wane Baban?"

"Babana. Kafin ya rasu. Ya ce in gaya maka ya gwada ka ya ga kai mutum ne, ya yafe maka alkawarin. Ka koma wasanka."

Alhaji ya zauna a kan gado daɓas.

"Mulikat. Babanki ya rasu Kafayat tana goye."

"Haka ne."

"Yau Kafayat ake nema da aure."

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa min?"

Ta sunkuyar da kai, sai ka ce amarya.

"Na so in faɗa. Ranar ka dawo daga kasuwa da yamma, ka zauna a baranda ka ɗauki Kafayat, muna ta hira har magariba. Na ce bari sai gobe. In na faɗa, duk yamma kana fili, ni ina nan ina kallon ƙofa. Gobe ta yi, na ce sai jibi."

"Shekara ashirin da wani abu kina jibi?"

"Hirar ce take da daɗi, Alhaji."

Na ɗauka zai yi faɗa. Ya dube ta, ya daɗe. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya ce, har da hawaye, yana nuna ta da raket.

"Allah ya isa ƙwan fitilata!"

"Ni nake saye ai."

Ya share ido. Ya miƙe. Alhaja ta miƙa masa agbada, ya ture.

"Bar ta. Na gaji da zafi."

Haka ya fita falo, singileti da wando, raket a hannun hagu, ni ina biye da yagaggiyar riga.

In kun ga falon nan. Wata ta saki kwanon amala. Kafayat tana nan durƙushe inda muka bar ta, ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Baba... hannunka!"

Gbenga ya ce da ƙarfi, "Ikon Allah, ƙaguwa biyu!" Mamata ta make masa ƙeya.

Alhaji ya kama hannuna na dama ya ɗaga, ya jera da nasa na hagu.

"Ku duba da kyau. In wannan tundurmi ne, to a gidan nan ya fara. Yaya, ko za ki zo ki danna nawa?"

Iya Ibeji ta murguɗa baki.

"Ni don kai na yi. Wa ya ga yadda ka rame shekarar da ka bari? Ni na gani."

"Na sani, Yaya. Ki ba Iya Sikiru haƙuri."

"Iya Sikiru, danginku lafiya lau. Na bincika har ƙauyenku, ko mai ciwon haƙori ban samu ba."

Mamata ta gyara ɗaurin zani.

"Ai na faɗa. Ko mura."

Falo ya kaure da shewa. Kafayat tana dariya tana kuka. Ni kuma na sake zubewa ƙasa, yanzu ba zaren da zan ji wa tsoro.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Na gode."

"Godiyar me?"

Na ɗago kai.

"Na ce ba ka da cuta. Ban ce na ba ka 'yata ba."

Shewar ta tsaya cak.

"Ni a kwance aka yanka min sharaɗi, kai ma a kwance za ka ji naka. Ranar Asabar bayan la'asar, a filinku. Ni da kai."

"Ni da kai me, Baba?"

"Rawa za mu yi. Tanis mana!"

"Baba!" in ji Kafayat. "Gwiwarka fa?"

"Gwiwata ta huta fiye da ta kowa a Ibadan."

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne. In ɗan taɓa masa a hankali, in bari tsoho ya ji daɗi.

Kamar ya ji ni.

"Saurara da kyau, Sikiru. In ka cinye ni a gaban mutane, ni da furfurata, ba ka da tarbiyya. Ba na ba marar tarbiyya 'yata."

"To Baba, ai sai in..."

"In kuma ka sakar min, zan gane tun daga yadda ka buɗe kafaɗar nan taka. Ka zama maƙaryaci ke nan. Ka kuwa ji abin da na yi wa mai motar."

Na dubi Kafayat. Ta dubi Alhaja. Alhaja ta dubi fanka.

Gbenga ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ƙaguwa, fara addu'ar ruwan sama."

"Baba," na ce, "to wa zai raba mana gardama, ko na sakar ko ban sakar ba?"

Sai na ji kujera ta yi ƙara.

Iya Ibeji ce ta miƙe. Ta gyara gwaggwaro, ta dube ni, karo na farko yau ta yi min murmushi, duk haƙoranta a waje.

"Ni ce alƙaliya."